Fasali a Kan Ire-iren Masoya Fim ɗin Kaboyi a Toranke

Wanda duk ya taɓa zama da dattawan ƙasar Gaya da Ajingi a ƙarshen kaka, lokacin da gero ya shiga rumbu, hankali ya kwanta, hira kuma ta sami fili, lalle ne ya lura da wani al'amari mai ban mamaki, watau cewa a gari irin Toranke, wanda tsakaninsa da gidajen siliman Kano akwai doguwar tafiya ta kan Gaya da gadar Wudil, ana samun tsofaffin da ba su haddace kalma goma ta Turanci ba, amma suna iya raba dare suna mujadala a kan ko John Wayne ne ya fi Gary Cooper saurin hannu. Sababin haka kuwa ba wani ba ne illa cin rani. A da, da zarar an gama girbi samari kan nufi birni, wani ya yi dako, wani ga-ruwa, wani ya shiga jidon buhunan gyaɗa a gindin dala, in dare ya yi kuma a lalubo 'yan kwabban da suka rage, a sulale zuwa Rex ko El Dorado a Sabon Gari, ko Plaza a Fage, a zauna a benci ƙarƙashin sararin Subhana, domin galibin silimun nan ba su da rufi. Na ce a sulale, saboda malamai ba su yi na'am da abin ba tun asali, balle bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, da kuma hayaniyar da ta tashi sa'ad da aka buɗe Palace a cikin ganuwa, daf da Kasuwar Kurmi. Ta haka ɗan cin rani kan komo gida da ilmin da ba shi da ikon ambatonsa a gaban mahaifinsa, ba shi kuma da haƙurin ɓoye shi ga abokansa.

Daga baya fim ɗin Indiya ya zo da waƙa da rawa ya kwashe jamhurun masu kallo, amma ba su ne nufina ba. Nufina shi ne 'yan ragowar da suka tsaya a kan mazhabar kaboyi, waɗanda zan kasa su kashi-kashi da ma'aunin masu tantance maruwaita, ba don in haɗa abu maɗaukaki da wasa ba, Allah Ya kiyashe mu, sai don babu ma'aunin da ya fi dacewa da mutanen da ilminsu duka daga baki ya zo zuwa kunne.

Na farko, kuma limaminsu, shi ne Mai Riwaya. Wannan ya shiga silima da ƙafarsa, ya gani da idonsa, sai dai bai ji abin da Turawan ke faɗa ba, saboda haka ya ɗauke musu nauyin magana, yana sa musu a baka abin da ya ga ya dace da mutuncinsu. Matanin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne The Magnificent Seven na 1960, labarin wasu talakawa manoma a ƙasar Meksiko, waɗanda wani ɗan fashi da rundunarsa kan zo su kwashe musu amfanin gona, har suka gaji suka ɗauko hayar mahaya bakwai su tsare su. Fim ɗin bai wuce sa'a biyu da 'yan mintoci ba, amma a bakin Mai Riwaya dare uku yake yi, kuma babu mai ƙosawa, domin manomin Toranke ba ya bukatar sharhi kafin ya gane zafin mutumin da bai kama fartanya tare da kai ba ya zo maka da mudu ranar sussuka. In labari ya kai wurin da shugaban bakwai ɗin, watau Yul Brynner, wanda shi yake kira Mai Ƙwal-kwabo saboda askinsa, ya yi ido biyu da ɗan fashin, sai ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya karyo kara daga danga ya soke a mazagin wando, ya buɗe ƙafafu, ya ƙanƙance ido, ya ce cikin murya ƙasa-ƙasa, "Kai wane, geron nan na marayu ne. In ka isa ka taɓa dami ɗaya." Sa'an nan ya zare karan, ya yi harbin da bakinsa, ya kuma zagayo ya zama wanda aka harba, ya faɗi a kan tabarmar wani yana shure-shure, har sai an ce masa, "Baba, a yi hankali da butar shayi."

A ƙarƙashinsa akwai Mai Yankakken Isnadi, wanda bai taɓa wuce Wudil ba, amma ya ji daga wansa, wansa ya ji daga wani yaron mota, yaron motar kuwa daga bayan katanga ya saurara don ba shi da kuɗin shiga. A wurinsa ne za ka ji Tarzan ya sauko daga itace ya shiga tseren dawaki a birnin Rum. In an yi masa gyara sai ya ce ai akwai kashi na biyu.

Sai kuma Mai Aƙida Ɗaya, wanda dukan iliminsa na silima ya tattaru a ƙa'idar nan da 'yan kallo suka yi ittifaƙi a kanta tun zamanin da, cewa bos kan mutu, yaran bos kan mutu, abokin akta ma yakan mutu don a sami dalilin ɗaukar fansa, amma akta ba ya mutuwa. Wannan bawan Allah ya gamu da jarrabawa a Spartacus, shi ma na 1960, inda aka gicciye Kirk Douglas a bakin hanya tare da bayin da ya jagoranta, fitila ta kawo, jama'a suka watse, shi kuwa yana zaune yana jiran a dawo a kwance shi. Shekara da shekaru yana cewa mai juya na'ura ne ya ɓoye faifan ƙarshe don ya tafi gida da wuri. Da labari ya iso a 2020 cewa Kirk Douglas ya rasu yana da shekara 103, bai nuna alhini ba ko kaɗan, sai ya dubi waɗanda suka daɗe suna yi masa musu ya ce, "To, wa ya yi gaskiya? Da ya mutu a kan itacen nan, wane ne wannan da ya kai har bana?"

Masanin Dawaki kuwa bai taɓa ganin mutum a fim ba. Ka tambaye shi Ben-Hur na 1959, wanda ya ci lambar Oscar 11, ba zai tuna fuskar Charlton Heston ba, amma zai siffanta maka kiliyan nan huɗu da suka ja keken tsere, faɗin ƙirjinsu da tsayin wuyansu, ya rantse cewa da za a kawo ɗaya Gaya ranar hawan salla, a ɗora masa jalala da ɗan kai, da babu wanda zai dubi mahayin. Tsakaninsa da kaboyi kuwa akwai ƙorafin da bai taɓa yafewa ba: mutum ya yini yana sukuwa a cikin rana, ya zo ya ɗaure dabba a ƙofar mashaya da sirdi a bayanta, babu harawa, babu dusa, babu kanwa, ya shige ciki yana shaye-shaye. A ganinsa duk kaboyin da aka harbe alhakin doki ne ya kama shi.

Wanda ya fi su ban sha'awa a wurina shi ne Faƙihin Gefen Tabarma. Shi bai taɓa shiga silima ba, ya kuma yi fatawa tun tuni cewa shigarta ba ta halatta, amma ba a taɓa fara riwaya ba face yana nan daga gefe, ya ba da rabin baya, yana jan carbi, wai iska yake sha. Ba ya tsoma baki sai an zo gaɓar hukunci. Wata rana wani ya kawo labarin Casablanca na 1942, na Humphrey Bogart da Ingrid Bergman, inda aka gaya wa wata mace cewa mijinta ya halaka a hannun Jamusawa, ta shaƙu da wani a birnin Paris, sai ga miji ya bayyana da ransa. Nan take carbi ya tsaya.

"Dakata, ɗan'uwa. Labarin mutuwar nan, adilai biyu ne suka kawo shi, ko kuwa an ce wai?"

"Allah gafarta Malam, ai lokacin yaƙi ne."

"Yaƙi ba ya ɗauke hukunci. Ta kai maganarta gaban alƙali? An yanka mata shekara huɗun da Risala ta ambata ga matar wanda ya ɓace? Ta yi takaba?"

Da aka ce babu ko ɗaya, kuma aka ƙara masa da cewa Kasablanka a Maroko take, ƙasar Malikiyya, sai abin ya ƙara yi masa nauyi, ya ce ashe ma ba su da uzurin rashin malamai. Amma da riwaya ta kai ƙarshe, aka ce jarumin, alhali yana da takardun fita a hannunsa, kuma matar ta yarda ta zauna da shi, ya sa ta a jirgi tare da mijinta shi ya tsaya a ƙasa, sai Malam ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci majalisa, ya ce lalle wannan Bature ya yi abin da wasu masu rawani ba za su iya ba. Yana cikin yabon ne wani mara kunya ya tuna masa cewa sana'ar mutumin gidan giya ne da caca, sai ya janye rabin yabon, ya bar masa rabi, ya ce sauran sai an yi muraja'a.

Akwai kuma Mai Kyautata Zato, wanda ya zo a zamanin kaset ɗin bidiyo, ya ga Anthony Quinn a Lion of the Desert da farin gemu da tabarau, yana karantar da yara, yana yaƙar sojan Italiya a matsayin Umar Mukhtar, wanda aka rataye a Libiya a 1931, ya kuma gan shi a The Message na 1976, duka biyun aikin Mustafa Akkad mutumin Halab. Tun daga ranar ya yanke cewa Quinn Balarabe ne mahaddaci. Ka ce masa a Meksiko aka haife shi a 1915, sai ya ce ai Larabawa fatake ne, babu inda ba sa zuwa. Ka ce masa a 1968 mutumin nan ya fito a matsayin Paparoma, sai ya ƙidaya shekarun da yatsa, ya ga 1968 ta riga 1976, ya yi murmushi ya ce wannan a jahiliyyarsa ne.

Mafi wahalar sha'ani ga iyalinsa shi ne Mai Aiki da Iliminsa, wanda bai tsaya ga kallo ba har sai da ya zama kaboyi. Ya karkata malafa ta rufe ido ɗaya, ya soka tsinken sakace a gefen baki, yana tafiya a karkace, hannu a sake kusa da ƙugu inda babu komai sai makullin keke. Duk wannan da sauƙi. Musibar ita ce ya lura cewa Gary Cooper a High Noon na 1952 ba ya yawan magana, sai ya ɗauki wannan sunna ya kawo ta ƙasar da gaisuwa kaɗai takan ci rubu'in sa'a. Surukinsa ya tare shi a hanyar kasuwa, ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, da labarin gona, shi kuwa maimakon ya tuɓe takalmi ya durƙusa, sai ya taɓa bakin malafa da yatsa biyu ya ce, "Lafiya." Sai da aka haɗa da waliyyai kafin matar ta koma ɗakinta.

Ba zan tsawaita a kan Mai Barci ba, wanda ya biya kuɗinsa a silimu da dama bai ga komai ba sai zakin da ke ruri a farkon fim, ko a kan Mai Tona Asiri, wanda tun ana gaisawa yake sanar da wanda zai ci amana, har aka riƙa aikensa sayen goro in labari ya yi daɗi. Masoyin Charlie Chaplin ma ba ya bukatar bayani, domin shi kaɗai ne a cikinsu ya fahimci fim ɗinsa daidai da Bature, tunda babu magana a ciki, kuma wanda ya san yunwar bazara ba ya neman tafinta in ya ga mutum ya dafa takalminsa yana ci.

Na ƙarshe shi ne Mai Tahƙiƙi, jikan Mai Riwaya, ɗan makaranta, mai waya a hannu, wanda ya zo da hujjojin da babu mai so. Shi ne ya bayyana cewa sunan John Wayne na yanka Marion Morrison, cewa fim ɗin nan na Clint Eastwood na 1966 da ake fito da kiɗansa aikin mutanen Italiya ne kuma galibinsa a Sifen aka ɗauka, cewa Casablanca ba ta taka ƙasar Maroko ba, a Kalifoniya aka gina ta, har ma da cewa labarin mahaya bakwai daga wani fim ɗin Japan na 1954 aka aro shi. Duk an jure masa, sai ranar da ya je Gaya aka tura masa The Magnificent Seven a waya, ya kawo majalisa bayan lisha, ya jingina ta da butar shayi, dattawa suka haɗa kai suna leƙe. Aka kalla daga farko har ƙarshe, ba a ga rijiyar da Mai Riwaya ya ce Mai Ƙwal-kwabo ya haƙa wa gari ba, ba a ga akuyar bazawarar da ya ƙwato ba, ba a kuma ji ya ambaci marayu ko sau ɗaya ba.

"Kaka, ina wurin akuyar?" in ji yaron, yana danne dariya.

Mai Riwaya ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya auna ta da tafin hannunsa, sa'an nan ya miƙa masa. "Ɗan nan, bangon da muka kalla a Rex ya fi zauren Dagaci faɗi. Kana tsammanin abin da ya cika wannan bango zai shiga cikin 'yar wannan aba ba a rage ba?"

Faƙihi ya ce ƙiyasin ya inganta. Masanin Dawaki ya shaida cewa dawakin ma an rage musu girma. Majalisa ta yi ijma'i cewa riwayar waya shazza ce, ta saɓa wa abin da amintattu suka ruwaito, aka umurci yaron ya kashe ta kada cajinsa ya ƙare a banza, aka kuma aike shi ya karyo wa kakansa kara.