Mai Zobe da Marar Zobe

A Okala, unguwar nan ta arewacin Libreville da ke kusa da filin jirgin Léon-Mba, an daina ajiye waya a rigingine. Saurayi zai zo teburin mai shayi, kafin a gama amsa masa sallama ya kife wayarsa, don kowa ya ga farin zoben da ke bayan rigarta. A da, mai kife waya gudun idon uwargida yake yi. Yanzu neman ido ake yi. Mai zobe ya waye, marar zobe kuwa sai a riƙa tambayarsa yaushe ya iso gari.

Shi zoben ba don ado aka yi shi ba. Cajin da ba a soka igiya yana aiki ne da naɗin jan-ƙarfe biyu, ɗaya a cikin faifan caja, ɗaya a bayan waya. In sun hau kan juna daidai, wuta ta haye. In sun goce ko da kaɗan ne, wani kason ya tafi a zafi, ka wayi gari waya ta yi ɗumi, batir yana nan inda ka bar shi. Don maganin wannan ne Apple ya fito da MagSafe tare da iPhone 12 a 2020: ya jera maganaɗisu a da'ira, caja ta manne a wurinta, ta ba da wat 15 maimakon 7.5 na faifan da. A 2023 tsarin Qi2 ya buɗe wa sauran kamfanoni ƙofa. Riga mai zobe aikinta ɗaya ne, kada kaurinta ya raba wayar da cajarta.

To amma leƙa teburin mai shayi ka ga wayoyin da aka yi wa zoben. Tecno ne da Itel da Infinix, irin waɗanda ba su da naɗin jan-ƙarfen nan ko na rantsuwa. In ka cire 'yan tsiraru irin Infinix Note 40, sauran ko ka kwantar da su a kan faifai daga yau har Babbar Sallah, batir ba zai motsa ba. An saya wa jaki sirdin hawan daba, kuma ana jiran ya yi sukuwa.

Ban ga laifin yaran kasuwar Mont-Bouët masu sayar da rigunan ba. Kai ka zo da kuɗinka, shi kuma abin da zai tambaya bai wuce, "Alhaji, mai zobe ko marar zobe?" Wane Alhaji ne zai ce marar zobe a gaban jama'a? Wani zoben ma fenti ne kawai. Gwajinsa bai fi ka kusanto da allura ba, in ta manne akwai maganaɗisu, in ta faɗi an yi maka zane. Sai dai ba mai son gwadawa a gaban abokai.

Ɗaya ɓangaren kuma na su Kawu ne, masu rigar fata mai marfi, wadda ta fi wayar nauyi. Wurinsu rigar waya ofis ce. A ciki akwai katin zama a ƙasa, wanda baƙo a Gabon ba ya wasa da shi, da katin banki, da hoton auta, da takardar jika goma ta ko-ta-kwana, da lambar wani dillalin Oyem da aka rubuta a bayan rasit. Shi Kawu, ɗansa ya kawo masa faifan caji tsaraba, ya ɗora wannan dami a kai, da safe ya ce, "Kai, yaro, abin nan naka na bogi ne." Ba na bogi ba ne, Kawu, wuta ce ta kasa keta ofis. Apple da kansa ya yi gargaɗin kada a bar katin banki ko fasfo tsakanin waya da caja, don suna iya lalacewa. Direban tasi da ya liƙa ɓallin ƙarfe a bayan riga don ya rataye waya a gaban mota, shi ma ƙarfen ne ke tare hanya, ya ɗau zafi, ko caja ta ƙi aiki gaba ɗaya.

In za a bi tawa, hukuncin gajere ne. Wayarka na karɓar irin wannan caji, kana da caja mai maganaɗisu, sayi mai zobe na gaske. Faifai ne kawai gare ka, riga siririya marar ƙarfe ta wadatar. Wayarka ba ta karɓa, riƙe kuɗinka ka ƙara ƙwai a shayi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ita kanta cajar marar igiya tana da igiya, kuma igiyar bango take nema. Ga ta ta fi ta sokawa jinkiri da ɓarnar wuta, ga zafin Libreville da ke sa waya ta rage gudun caji don kare batir. Ranar da aka ɗauke wuta har dare ya raba, sai a dawo da ita kowa na kan kashi uku, ba mai lokacin gayu. A nan ne za ka ga mai zobe ya matso kusa da Kawu, ya rage murya: "Ranka ya daɗe, ko za a ara mini igiya, minti goma kawai?" Kawu ya buɗe ofis ya duba batirinsa, ya ce ya bi layi, akwai mutum biyu a gabansa, kuma dukansu masu zobe ne.