Yadda Ake Karanta Littafin da Ya Ƙi Bin Layi

Idan ɗanka ya dawo Sukukutane daga jami'ar Yamai, ya ce, "Baba, gwada wannan," ya miƙo maka A Visit from the Goon Squad na Jennifer Egan, kada ka tsorata. Littafin ya fito a 2010, ya ci kyautar Pulitzer a 2011. Ga dabarun shawo kansa.

Da farko, ɗora shayi. Babi 13 ne, kowanne da mai labarinsa, saboda haka zagaye uku na shayin fada ba za su isa ba.

Na biyu, nemo tsohon kaset ɗinka na Shata ko na Ɗan Anace. Marubuciyar ta raba littafin gida biyu, A da B, kamar faifai. Wanda ya taɓa cusa bik a kaset yana mayar da zare baya ya riga ya san rabin karatun.

Na uku, kada ka nemi daɗin murya a wurin 'yan punk. Kiɗan samari ne masu fushi, jita da ihu, ya tashi a Niyok da Landan wajejen 1976. A littafin, Bennie Salazar ya buga shi a San Faransisko a 1979. Da ya manyanta ya zama attajirin harkar waƙa, yana barbaɗa zinariya a kofi don ƙuruciya ta dawo. Ta ƙi dawowa. Tuna tsohon ɗan kokawar garinku da kiɗa ke motsa wa kafaɗa, gwiwa kuwa ta ce a zauna.

Na huɗu, in labari ya tsallake shekara ashirin, bi shi. Haka kakarka ke ba da labarin Sarauniyar Lugu: ta fara da yaƙin 1899, ta ratsa ta bikin auren kanta, ta komo, ba wanda ya ɓata.

Na biyar, babi na 12 allunan PowerPoint ne na wata yarinya 'yar shekara 12, wadda ɗan'uwanta ke ƙirga shirun da ke tsakiyar waƙoƙi. Sassauta a nan. Shirun da makaɗi ke yi kafin amshi, shi ake nufi.

A littafin, lokaci ɗan daba ne, ba ya sallama kafin ya shigo. Saboda haka in ka rufe shi, kira abokin da kuke raba kuɗin batir a da. Kunna kaset ɗin, ku saurara tare tun kuna iya gardama kan wa ya fi rawa.