Kansilan Kwata da Ku Masu Dariya

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba. Kansila? Kansila ne zai yi mana lacca kan gidaje da sauyin yanayi? Mutumin da ko ciyaman ba ya ɗaga wayarsa sai ranar da ake neman hannunsa a kan kasafin kuɗi? To ku yi dariyarku ku ƙoshi. Alhaji, riƙe hularka kada ta faɗi. In kun gama sai mu zanta.

Wanda nake nufi matashi ne da ke neman kujerar kansila a wata mazaɓa cikin birnin Kano, ba zan kama sunansa ba kada ku ce ya ba ni na goro. Laifinsa a wurinku shi ne bai yi alkawarin gina wa kowa gida ba, bai ce zai samar wa 'ya'yanku aikin gwamnati ba, kuma har yau ba a ga taliyarsa ba. Zancensa kullum kwata, shara, bishiya da dillalan gidan haya. Shi ya sa kuka raɗa masa Kansilan Kwata, kuna ganin kun gama da shi.

Malam, kai da kake taƙama da ka san siyasa tun zamanin PRP, ka taɓa buɗe jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999? A nan aka jera aikin ƙaramar hukuma. Akwai gyaran tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, akwai kwashe shara da banɗakunan jama'a, kasuwanni da tashoshin mota, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da sa wa layuka suna da ba gidaje lamba. Kwatar da kuke masa ba'a da ita tana cikin takardar aikinsa, baƙi da fari. Gidajen da kuke so ya yi muku alkawari kuwa ba su ciki. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake, shi ke sa hannu a takardar mallaka, kuma izinin gini a Kano wurin hukumar KNUPDA ake nemansa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo gwamnatin jiha ce ta gina su. Saboda haka duk ɗan takarar kansilan da ya hau duro ya ce zai gina muku rukunin gidaje, ku tafa masa in kuna so, amma ku sani da kuɗin da ba nasa ba yake muku kyauta, a filin da ba shi da iko da shi.

Abin da wannan yaron yake faɗa kan gidaje ƙarami ne, shi ya sa na yarda da shi. Yana so majalisar ƙaramar hukuma ta yi dokar da za ta sa dillalan haya su yi rajista, a san la'adarsu, a daina karɓar kuɗin ciki da falo ɗaya daga hannun mutum biyu. Yana so yarjejeniyar haya ta zama a rubuce, mai unguwa ya shaida, don kada magidanci ya wayi gari an ce ya tashi ƙarshen wata saboda ɗan mai gida zai yi aure. Yana kuma so a fito fili a gaya wa masu sayen filin awon igiya inda ruwa yake bi. Na ga wasunku sun daina dariya a nan. Eh, Alhaji, da kai nake. Filin nan da ka samu da araha a bakin kududdufi, aka cike shi da shara da ɓaraguzai, ka ɗora bulo a kai kana godiya ga dillali. Kududdufan Kano kakanninmu ne suka haƙa su wajen ɗibar ƙasar gini, kuma su ne suka riƙa shanye ruwan damina shekara da shekaru. Da muka cike su, ruwan bai fasa zuwa ba, hanya kawai ya sake, ya bi ta zaurenka.

Sai maganar sauyin yanayi, inda dariyarku ta fi ƙarfi. Kun ce zancen Turawa ne, zancen masu zuwa taro a otal su dawo da jaka da alawus. Wani ma ya ce ruwa da zafi ikon Allah ne, kansila bai isa ya rage ko ya ƙara ba. Gaskiya ne, ikon Allah ne, ba wanda ya musa. Amma ledar fiya wata da ta toshe kwalbatin bakin layinku fa? Daga sama ta sauko? Tsohuwar katifar da aka tura cikin lambatu da daddare, da tokar da Hajiya take aiken almajirinta ya juye a kwata don juji ya yi nisa, su ma ƙaddara ce? Hajiya, ki yi haƙuri, ban ce ke kaɗai ba ce, layin duka haka yake.

Mutanen Maiduguri ba su ji labarin ambaliya a taro ba. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan irin haka a 1994, ruwa ya cinye unguwanni, ya shiga asibiti da kasuwa, har dabbobin gidan zu ya fito da su. A ƙarshen Mayun 2025 kuma Mokwa ta jihar Neja ta rasa mutum sama da 150 a ambaliya guda. Kansila ba ya gyara dam, na yarda. Amma ruwan da ake zubawa kamar da bakin ƙwarya cikin awa biyu, abin da zai raba tsakanin ya wuce ku da ya kwana a ɗakinku shi ne ko an yashe magudanar tun a watan Afrilu ko an bar ta sai hadari ya haɗo.

Bishiya ma haka. Kuna kukan zafi duk bazara, kwanon ɗaki ya gasa ku, ga wuta ba ta samuwa, kowa ya kwaso tabarma ya nufi gindin darbejiyar ƙofar masallaci, ita kaɗai ta rage a layin. Sauran an sare su an yi shago. Da gas ya yi tsada aka koma gawayi, gawayin nan kuwa daga dajin wani ake ƙono shi. Yaron ya ce kowane gida ya dasa ɗaya a ƙofa, a yi mata shinge saboda awaki, kuka ce ba za ku ci bishiya ba. Ba wanda ya ce ku ci. Ku dai da kuke rigima kan wa zai zauna ɓangaren inuwa bayan la'asar.

Yanzu bari in ba ku naku, don kuna da shi. Zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasar nan ba ya ba mutum mamaki. A Kano, ranar 26 ga Oktoba 2024, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba, kuma a yawancin jihohi haka ake yi, jam'iyyar gwamna ce ke lashe komai. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomi ba, amma daga hukunci zuwa kuɗi a asusu tafiya ce mai nisa. In kuka ce yaron nan zai iya cin ƙuri'ar unguwa ya rasa kujera, ko ya samu kujera ya rasa kuɗin aiki, ba zan yi muku gardama ba. Sai dai wannan shakkar ta shafi duk 'yan takarar, har da mai taliya, shi kuma ban ji kuna masa dariya ba. Layi na ga kuna bi.

Akwai tambayar da ta fi dariya ciwo, in da gaske kuke. Ku tambaye shi wace doka zai fara kai wa majalisa, kansila nawa za su mara masa baya, kuma ina duba-garin da ƙaramar hukuma take biyan albashi, me ya sa ba a ganin su a layi. Ku tambaye shi in an yashe kwata wa zai kwashe abin da aka fito da shi, don an saba a tara shi a gefen titi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. In ya yi inda-inda, ni ma zan zo mu yi dariyar tare.

Kafin nan dai Asabar ɗin ƙarshen wata tana tafe, ta tsaftar muhalli, kuma akwai shebur a gidan mai unguwa. Malam, kada ka ce min ciwon baya. Jiya a gidan kallo na gan ka ka yi tsalle har sau biyu da Arsenal ta ci.