Mai karɓar kuɗi ta allo

A 2024 wasu gidajen abinci na birnin New York sun gano dabara. Ka shiga sayen soyayyiyar kaza da rana tsaka, sai wata baiwar Allah ta yi maka sannu da zuwa ta cikin allo. Ita kuwa tana can Filifin, dare ya raba, ana biyanta kimanin dala 3 a awa, alhali mafi ƙarancin albashi da doka ta tanada a birnin a lokacin dala 16 ne. Ko ƙanshin kazar ba ta ji.

McDonald's ya zarce su, ya ɗauko na'urar IBM mai sauraron oda a rassa sama da 100. Aka nemi ayis kirim, ta ɗora naman alade a kai. A 2024 ɗin aka sallame ta.