A Biya Manomi Don Bai Sare Gawo Ba? Ku Gama Dariyar Tukuna

Na san abin da 'yan majalisar mai shayi a Mafoni za su ce tun ban rufe baki ba: "Haba Malam! Gwamnatin da sai an kai ruwa rana kafin ta biya fansho, ita ce za ta ba mutum kuɗi don ya bar itace tsaye a gonarsa?" To, ku ajiye kofi.

Kuɗin nan ai ya daɗe yana fita, ku ne ba ku ga ƙurarsa ba. Tun 1981 ake ware wa asusun kula da muhalli kasonsa daga aljihun tarayya. Ga shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, Borno na ciki. Dashen itatuwa kuwa kun san shi: babban baƙo ya zuba ruwa da buta gaban kyamara, a tafa, bayan wata biyu akuya ta rufe taro.

Ku leƙa Maraɗi. Tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture. Sukan bar shi ya toho, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Gawo da kalgo suka dawo a fili kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an yi jigilar dashe ba. Manomi ya sakankance cewa itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kai ba. A Niyu Zilan ma, tun 1991 akwai asusun gwamnati mai tallafa wa ƙabilar Maori su killace dajinsu, ƙasar kuma tana nan a hannunsu.

"Ai cinye kuɗin za a yi." Mai yiwuwa, Alhaji. Sai dai gawon da ke tsaye a gona ana iya zuwa a ƙirga shi, a gaban bulama. Je ka ƙirga dashen bara mu gani.

"Daji kuma maɓoyar miyagu ne, ka manta Sambisa?" Ban manta ba. Sambisa gandun gwamnati ne, ba gonar kowa ba ce.

Kai kuma ɗan'uwa mai cewa inuwar darbejiya ta ishe ka, gobe ka tambayi mai gawayi daga ina ya ɗauko buhun da ka saya, da abin da ya biya na mota.