Ranar da gilas ya ƙi tashi a hanyar Aujara

Golf 3 da Jihar Jigawa sa'o'in juna ne, duk a 1991 aka haife su. Jihar tana ta gina tituna, ita kuwa motar an yi ta ne don sanyin Jamus, ta biyo ta Kwatano ta ƙare da jigila tsakanin Aujara da Jahun da Dutse. Cikin gaɓoɓinta, gilashin da ake zugewa da maɓalli ne ke fara gajiya, kuma ranar da ya tsaya cak ake sanin halin kowa.

Na farko shi ne Sarkin Duka. Yatsa a kan maɓalli, tafin hannu yana jibgar ƙofa. Abin haushi, wani lokaci gilas ɗin yakan tashi, domin gawayin da ke cikin ɗan injin ƙofar ya cinye, jijjiga ce ke sa ya sake taɓawa. Shi dai ya yarda hannunsa na da albarka, har ranar da ƙofar za ta lotsa.

Na biyu Mai Sukudireba. Ya kama gilas da tafukansa biyu ya jawo shi sama, ya cusa sukudireba a gefe ya tokare. Duk fasinjan da ya shigo sai an yi masa gargaɗi: "Baba, don Allah kar a taɓa wannan." Daga hunturu zuwa damina yana cewa gobe zai kai gyara.

Na uku Malam Na-sani, fasinjan kujerar baya da bai taɓa mallakar ko keke ba. "Direba, batirinka ne ya yi sanyi." An nuna masa sauran gilasai uku suna aiki, ya ce to ai man birki ne.

Na huɗu Alhaji Rufin-asiri. Nasa a rufe ya maƙale, na'urar sanyaya motar kuma ta mutu tun kafin ta bar Kwatano. A zafin Afrilu yana tafe a ƙame, gumi ya jiƙa babbar riga, yana ɗaga wa mutane hannu don a ce sanyi yake sha. In za a gaisa, sai ya buɗe ƙofa gaba ɗaya, a ce Alhaji akwai girmama jama'a.

Na biyar Riwaya Mai Gaggawa. Kafin ka gama sallama ya ɓalle bangon ƙofa, ya karya maƙalai biyu, ya ce: "Yallaɓai, inji ne ya ƙone, sai an aika Ƙofar Ruwa." Kano ke nan, kuɗin mota daban.

Na shida Mai Tawakkali. Leda da salatif, shi ke nan. Mota na gudu leda na kaɗa ganga, ya ce Allah ya sa iyakar jarabawar ke nan.

Na bakwai shi ne wanda ba a cika gani ba, mai saurare kafin ya kwance. In gilasai duka sun mutu, fiyus yake fara dubawa. In na baya ne kawai, sai ya duba maɓallin kulle na wajen direba, wanda yara ke dannawa. In ya danna ya ji gurnani gilas bai motsa ba, igiyar da ke jan sa ce ta tsinke ko ta zame. In shiru ne, ya leƙa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi ke karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa. In kuwa tashi yake da ƙyar, ƙurar hunturu ce ta cika hanyarsa, a wanke robar kawai.

Mai mota, kafin ka daki ƙofa ko ka aika Kano, buɗe akwatin fiyus tukuna. Fiyus ne ya fi komai araha a cikin motar, kuma shi ake mantawa.