Kwamandojin da Ba Sa Cikin Rajista

Littattafan yaƙin basasar Amurka, wanda Arewa da Kudu suka gwabza daga 1861 zuwa 1865, cike suke da taswira da lissafin igwa da dawakai. Sai ka leƙa wasiƙun hafsoshin da abin da yaransu suka rubuta bayan tsufa, ka tarar kusan kowane janar yana da wani kwamanda a gida, wanda sunansa ba ya cikin rajistar soja. Ga su nan kala-kala, matan da mazan.

Ta farko ita ce Ƙafarka-Ƙafata. Wannan ba a barin ta gida tana jiran wasiƙa. Fanny, matar Janar John Gordon na Kudu, ta ajiye 'ya'yanta wurin surukarta ta bi rundunar a keken doki, har sojoji suka mai da ita agogo: in an ga Misis Gordon ta nufi baya, to kowa ya ɗaura ɗamara, faɗa ya kusa. Shugaban mijinta, Jubal Early, tuzuru ne mai tsamin baki wanda ganin mace a sansani ke ɓata wa rai, har aka jiyo shi yana fatan 'yan Arewa su kama ta su riƙe sai an gama yaƙi. Ba su kama ta ba. A Winchester, cikin Satumban 1864, da sojojin Early suka watse suna keta gari a guje, ita ce ta fito tsakiyar titi, harsashi na shawagi, tana daka musu tsawa su koma.

Akwai kuma wadda sansanin ne da kansa ke addu'ar zuwanta. Ulysses Grant mutum ne da kaɗaici ke tura shi ga kwalba, kuma hafsoshinsa sun lura cewa muddin matarsa Julia na kusa, janar garau yake. Harara-garke ce tun haihuwa. Da mijin ya yi suna ta nemi likita ya gyara mata ido, shi kuwa Grant ya ce da waɗannan idanun ya gan ta ya so ta, a bar masa su yadda suke. Abin da ba na dariya ba shi ne, ta riƙa zuwa sansanin Arewa tare da baiwa daga gidan ubanta na Missouri, har ranar da baiwar ta kama gabanta.

Sai Lauyar Miji. A Agustan 1861 Janar John Frémont ya yi gaban kansa ya shelanta 'yanta bayin 'yan tawaye a Missouri. Shugaba Lincoln, da ke tsoron kada jihar Kentucky ta ɓalle, ya nemi ya sassauta. Maimakon janar ya zo da kansa, sai matarsa Jessie, 'yar sanata, wadda ake yi wa laƙabi da Janar Jessie, ta hau jirgin ƙasa daga St. Louis. Da dare ta sauka Washington, kuma a daren, da ƙurar hanya a jikinta, ta shiga fadar shugaban ƙasa ta karanta masa darasin siyasa. Lincoln ya soke shelar, kafin Nuwamba ya yi nisa an sauke mijin. Ellen, matar Janar Sherman, 'yar tsohon sanata ce, ita ma ta je gaban Lincoln a Janairun 1862 bayan jaridu sun buga cewa mijinta ya haukace. Sai dai ita da lallami ta je, ubanta na gefe. Mahaukacin nan shi ya ci Atlanta a 1864.

Wadda na fi tausayi ita ce Rumbun Asiri. Janar George McClellan na Arewa kusan kullum sai ya rubuta wa matarsa Nelly, kuma duk abin da mai hankali zai haɗiye shi a takarda yake zubawa: Lincoln gwaggon biri ne, ministoci sakarkaru ne, shi kaɗai Allah ya zaɓa ya ceci ƙasa. Ya mutu a 1885, bayan shekara biyu aka buga sassan wasiƙun a littafi don a wanke shi, sai ga shi sun zama babbar shaidar masu zaginsa har gobe. Ita Nelly, kafin ta auri McClellan, wani hafsa mai suna A. P. Hill ne ya nemi aurenta, iyayenta suka hana. Hill ya zama janar a Kudu, kuma sojojin McClellan sun yi imani cewa haushin nan ne ke sa shi afka musu ba ji ba gani. Suna ba da labarin wani tsohon soja da harbin Hill ya tashe shi da asuba, ya yi tsaki ya ce, "Haba Nelly, me ya hana ki aure shi?"

A ɓangaren maza, Mijin-Tace ne a sahun gaba. Richard Ewell, mai sanƙo da ashar, ya rasa ƙafa a Agustan 1862, 'yar uwarsa Lizinka Brown, bazawara mai dukiya, ta yi jinyarsa, suka yi aure a Mayun 1863. Daga ranar ashar ta ragu. Ango ya ruɗe har yana gabatar da amarya da sunan marigayin mijinta: "Ga matata, Misis Brown." Hafsoshinsa suka shiga gunaguni cewa takardar da ba ta bi ta hannun Misis Brown ba, ba ta da ranar fita.

Shi kuwa Mai Suruki a Ƙetare, kunyar suruki ba ta gabansa. Jeb Stuart, jagoran mahayan Kudu, ya auri Flora, 'yar Philip Cooke. Da yaƙi ya ɓarke Cooke ya tsaya da Arewa, Stuart ya fusata ya canja wa ɗansa suna, don da sunan kakan aka raɗa masa. A Yunin 1862 ya ɗebi mahaya kimanin 1,200 ya zagaye rundunar McClellan kaf. Wa aka tura ya kamo shi? Surukin. Tsoho ya sha ƙura ya dawo hannu rabbana.

Mai Leƙen Gidan Wasu ba ya buƙatar dogon bayani. Earl Van Dorn ya tsira daga kibiyar ƙabilar Comanche da harsashin Arewa, sai a Mayun 1863, a Spring Hill ta Tennessee, wani likita George Peters ya same shi zaune a teburinsa ya harbe shi a ƙeya, bisa zargin yana zagayawa wurin matarsa.

Wadda ta fi su duka cin riba ita ce Mai Alƙalami. George Pickett, mai kitsattsen gashi da turare, shi ne na ƙarshe a ajinsu na makarantar soja ta West Point a 1846, kuma abin da aka san shi da shi shi ne farmakin Gettysburg da ya cinye mutanensa. Lokacin da yake neman Sallie Corbell, yakan bar bakin daga da dare ya sukwani doki zuwa zance. Ya aure ta, ya rasu a 1875, ita ta kai 1931, kuma duk tsawon shekarun nan sana'arta ita ce gyaran marigayi: lacca, littattafai, har da tarin wasiƙun soyayya da ta buga a 1913 ta ce daga fagen fama ya aiko mata. Masana tarihi da suka bi diddigi sun gano cewa yawancinsu ita ta rubuta wa kanta. Tana cikin gyaran ne ta zabtare shekara biyar daga shekarunta.